Wankan jego, kunun kanwa da zuciyar mai jego: shekara hamsin ana bincike

Akwai wani ciwo da kusan kowace unguwa ta taɓa gani, ko da ba a san sunansa ba. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, ƴan barka sun watse. Bayan mako uku ko wata biyu sai ƙafafunta su fara kumbura, ta riƙa haki in ta ɗauko bokitin ruwa, daga baya ko kewayawa za ta yi sai ta tsaya ta huta. Da dare ba ta iya kwanciya miƙe, sai an jingina ta da bango ko an tara mata matasai, ga tari ba ƙaƙƙautawa. A gida sai a ce sanyi ne ya shige ta. Likitoci kuwa suna kiransa gazawar zuciya ta lokacin haihuwa: naman zuciya ya saki, ya kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki.

Abin da ya sa na ga ya dace malamai da iyaye su san tarihin wannan ciwo shi ne, duk duniya babu inda aka ƙidaya aka same shi da yawa kamar ƙasar Hausa, kuma an yi wajen shekara arba'in ana ɗora laifin a kan al'adarmu ta jego. Binciken ƴan shekarun nan ya girgiza wannan bayani, ya kuma nuna yatsa wani wuri da ya fi wuyar gyara.

Likitocin Turai sun lura da ciwon tun ƙarni na 19, an kuma yi rubutu a kansa a Amurka a 1937. A 1971 wasu likitoci biyu a birnin Shikago, Demakis da Rahimtoola, suka shata masa iyaka: ya bayyana tsakanin watan ƙarshe na ciki da wata biyar bayan haihuwa, ga macen da ba ta da ciwon zuciya a da, kuma ba a gano wani dalili na daban ba. A Amurka abu ne da ba kasafai ake gani ba, mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000.

Zariya ce ta sauya lissafin. A 1969 wani likita ɗan Birtaniya, Eldryd Parry, ya zama farfesan sashen cututtukan manya a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka tarar ɗakin mata cike da masu jego a kumbure. Daga 1969 zuwa 1972 suka tattara bayanan mata 224, suka ƙiyasta cewa a Zariya ciwon na kama mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Ba su tsaya a bakin gadon asibiti ba. Sun tambayi likitocin sauran jihohin arewacin Nijeriya ko suna ganin irinsa, sun kuma tambayi ɗaliban likita da na jinya ƴan ƙabilu daban-daban yadda ake jego a garuruwansu. Abin da suka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1974 shi ne ciwon ya fi yawa a inda Hausawa suka fi rinjaye, musamman kewayen Zariya da Malumfashi, wuraren da aka fi tsananta abubuwa uku: wanka da tafasasshen ruwa, kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa.

Bayanin nasu yana da ma'ana, kuma ya kamata a fahimce shi kafin a yi masa gardama. A lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabin yawansa, don ya ishe ta ita da abin da ke cikinta. Bayan haihuwa jiki yana zubar da wannan rarar ruwa ta hanyar fitsari da zufa. To kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishirin miya, shi kuwa aikinsa riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jinin fata, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Ke nan ga ruwa ya ƙi fita, ga zuciya ana ta kora ta safe da yamma har kwana arba'in, wasu ma har su zarce. Sun kuma lura masu ciwon sun fi zuwa wajen watan Yuli, lokacin da iska ke da laima, zufa ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin labarin shi ne yadda gida ke fassara alamar farko. Ƙafa ta kumbura, tsofaffi su ce sanyi ne, maganin sanyi kuwa zafi, sai a ƙara itace a murhu, a ƙara kanwa a kunu. Duk cikin ƙauna ake yi.

Ita kanwar ma da hannunmu a ciki, mu mutanen Nijar. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke ɗauko ta daga Manga da Muniyo da gaɓar tafkin Cadi, su bi da ita kasuwannin Damagaram da Kano har Zazzau. Ba baƙon abu ba ne a tukunyarmu, da ita ake dafa wake, da ita ake kaɗa miyar kuɓewa, dabbobi ma ana ba su. Bambancin mai jego shi ne yawan da take sha kullum.

Ba na cikin masu cewa waɗannan likitoci sun zo raina al'ada ne. Aikin da suka yi na haƙuri ne, har ma su da kansu suka fara gano inda bayanin ke da saura. A 1979, da na'urar eko ta duban zuciya ta iso Zariya, John Sanderson da abokan aikinsa suka duba waɗannan mata, suka ga da yawansu zuciyar na matsawa ba laifi. Wato naman zuciyar bai lalace ba, kaya ne aka yi mata fiye da ƙima. Suka kuma ci gaba da bibiyar matan nan na farko har zuwa 1995, aikin da rahoton ya ce ya dogara ne kacokan a kan wata Bazazzagiya da ta riƙa bin su tana kawo labarinsu. Sakamakon da ya fito a 1998 ya nuna jinin matan ya yi ta hawa a hankali cikin shekaru, kuma cikin 75 da aka tabbatar sun rasu, 55 ciwon zuciya ko na hanyoyin jini ne ya yi ajalinsu. Masu binciken suka ce alama ta nuna mata ne da dama can jikinsu ke da shirin hawan jini, abin da muke kira tansiyo, sai kanwa da zafi suka tunzura shi.

Matsalar ta zo ne daga masu kwafa. A littattafan koyon likita na duniya an dunƙule wannan dogon aiki ya koma layi ɗaya: matan Hausawa na shan gishirin tafki suna kwana kan gado mai zafi, shi ya sa zuciyarsu ke gazawa. A ganina layin ya daɗe ne don ya yi wa kowa daɗi. In laifin al'ada ne, to magani wa'azi ne kawai, babu wanda zai fitar da ko dala.

A Yamai aka fara buɗe wata ƙofar. Wani likita Bafaranshe mai suna Cénac, da abokan aikinsa ƴan Nijar a babban asibitin ƙasa, sun daɗe suna ganin irin waɗannan mata. Sai suka auna wani sinadari da ake kira seleniyam a jininsu. Jiki kaɗan yake buƙata, amma da shi yake haɗa abin da ke kare naman zuciya daga lalacewa. Daga ƙasa yake shiga hatsi, ana kuma samunsa a kifi da nama da ƙwai. Dalilin da ya sa suka yi zarginsa daga Sin ya fito: a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar, tun 1935 aka san wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata masu haihuwa, daga baya aka gano ƙasar yankin ba ta da seleniyam, da aka fara ba mutane shi a shekarun 1970 ciwon ya ragu ƙwarai. A 1992 aka buga sakamakon Yamai: a mata 35 masu ciwon, matsakaicin ma'aunin seleniyam 48 ne, a masu shayarwa lafiyayyu kuwa 77. Wannan ya karkata tambayar daga abin da mai jego ke sha zuwa abin da ba ta samu ta ci ba.

Sai dai ƙasar Haiti ta zame wa bayanan biyu ƙarfen ƙafa. A can ciwon na kama mace ɗaya cikin haihuwa wajen 300, alhali ba su san kunun kanwa ba, kuma da James Fett ya auna jinin matan a 2002 bai sami ƙarancin seleniyam ba. Abin da Haiti ta haɗa da mu shi ne talauci da yawan haihuwa.

A shekara ta 2000 aka ƙara wa ma'anar ciwon wani sharaɗi da ya sauya komai. Zuciya lafiyayya, a kowane bugu ɗakinta na hagu yana tura fiye da rabin jinin da ke cikinsa. Aka ce daga yanzu ba za a kira ciwo da wannan suna ba sai eko ta nuna abin da ake turawa bai kai kashi 45 cikin 100 ba. Da yawa cikin matan Zariya na shekarun 1970, waɗanda zuciyarsu ke matsawa ba laifi, da wannan ma'auni ba za su shiga lissafi ba. Duk da haka adadin bai sauka ba. A Sakkwato a 2007 an sami mace ɗaya cikin haihuwa 102.

Daga nan aikin ya koma hannun ƴan gida. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya sake auna seleniyam a 2015, ya sami abin da aka samu a Yamai: kusan kashi 77 cikin 100 na masu ciwon suna da matsanancin ƙaranci, a lafiyayyu kuwa kashi 22. Sannan ya jagoranci wata babbar rajista mai suna PEACE, wadda ta haɗa asibitoci 22 a faɗin Nijeriya tsakanin 2017 da 2018, da mata 406 masu ciwon, aka gwada su da masu jego 99 da ba su da shi. Fiye da kashi 70 na marasa lafiyar daga arewa maso yamma suka fito, maƙwabtan Maraɗi da Tawa da Damagaram ke nan, kuma a Kano adadin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Da aka zo tantance dalilai a 2020, wankan jego da kunun kanwa ba su nuna wata alaƙa da ciwon ba. Abubuwa huɗu ne suka fito fili. Ramammiyar mace wadda nauyinta bai kai ƙima ba, hatsarinta ya ninka wajen sau 13. Wadda ta yi hawan jinin ciki, irin mai zuwa da kumburi wanda kan kai ga jijjiga, wajen sau 9. Wadda ba ta yi karatun boko ba da wadda ba ta da sana'a, kowacce wajen sau 3.

Malamai su lura, ba allo da alli ne ke kare zuciya ba. Yarinyar da ta daɗe a lakwal tana yin aure a makare kaɗan, jikinta ya ƙosa, ta san amfanin awon ciki, ta fi iya buɗe baki ta ce a kai ta likita. Rajistar ta nuna waɗanda ba su kai shekara 20 ba sun fi mutuwa da ciwon. A ƙasar da ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata na yin aure kafin shekara 18, wannan magana da mu ake yi.

Adadin mace-macen ma abin a tsaya a duba ne. Cikin matan da rajistar ta bibiya wajen shekara ɗaya da rabi, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A wani bincike na mata 100 a Arewacin Amurka da aka buga a 2015, kashi 72 sun warke cikin shekara guda. Ciwo ɗaya, magunguna kusan iri ɗaya. Bambancin yana wurin lokacin da aka iso asibiti, da ko an iya ci gaba da sayen magani wata da watanni.

To an wanke kanwa ke nan? Ban ɗauke shi haka ba. Fahimtata ita ce, ciwo biyu ne aka daɗe ana kira da suna ɗaya. Akwai na lodin ruwa da hawan jini, wanda Parry ya gani, kuma kanwa da gadon wuta na iya tayar da shi. Akwai kuma na lalacewar naman zuciya, wanda eko ke nunawa, shi ne rajistar ta ƙidaya. Ƙari a kan haka, in kusan kowa na yin abu, da masu ciwo da lafiyayyu, da wuya gwaji ya nuna bambanci. Macen da aka ce tana da tansiyo, ko wadda ƙafarta ta riga ta kumbura, kunun kanwa ba nata ba ne, kuma babu likitan zuciya da zai ce mata ta sha. Amma uwar da ta daina ba ƴarta kanwa ta zaci ta gama kare ta, alhali yarinyar ta yi wata tara tana cin tuwo da miyar kuka ba nama ba ƙwai, ba a taɓa ɗaura mata abin awon jini a hannu ba, wannan uwa ba a faɗa mata gaskiya duka ba.

Game da seleniyam, an gwada shi a Nijeriya a kan mata 100 masu ciwon, rabi aka ba su na wata uku. Haki da kumburi sun fi raguwa ga waɗanda suka sha, amma gwajin ƙarami ne, bai isa a kafa hukunci da shi ba. Kada kowa ya ruga farmasi, yawansa guba ne, yana zubar da gashi ya lalata farce.

Wani reshen binciken daga Jamus ya taso, kuma ya taɓa abin da ya fi komai tsada a gidan mai jego, wato nono. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta birnin Hanoba ta nuna a jikin ɓeraye cewa sinadarin da ke sa nono ya kawo, furolaktin, yana iya tsagewa, guntun da ya fita ya riƙa lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Akwai tsohon magani mai suna bromocriptine da ke tsayar da wannan sinadari. A 2010 Karen Sliwa ta gwada shi a Afirka ta Kudu a kan mata 20: cikin goma da suka sha ɗaya ta rasu, cikin goma da ba su sha ba huɗu. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun gwada a kan mata 96 a 2017, suka ga amfani su ma. Amma maganin yana ƙafar da nono, yana kuma buƙatar a haɗa shi da mai hana jini daskarewa. A Jamus in nono ya ƙafe sai a buɗe gwangwanin madara a dama da ruwan famfo mai tsabta. A ƙauyen Dakoro ko Tanut, jaririn wata ɗaya da aka raba da nono shi ma rayuwarsa na cikin hatsari, ga tsadar madara, ga gudawa. Shi ya sa wannan shawara ta likitan zuciya ce, a kan mace ɗaya ɗaya, ba abin da za a aika yaro ya sayo ba. An kuma gano a 2016, cikin mata 172, cewa wajen kashi 15 suna ɗauke da wani lahani na gado a ƙwayoyin halittar naman zuciya. In ciwon ya taɓa kama uwa ko ƴar'uwa, a faɗa wa ungozomar asibiti tun a awon farko.

Na baya-bayan nan shi ne gwajin da aka buga a 2024, wanda aka yi a asibitoci shida na Nijeriya a kan mata kusan 1,200 masu ciki da masu jego. Rabi aka duba su yadda aka saba, rabi aka ɗora musu abin sauraren ƙirji na zamani wanda ke ɗaukar bugun zuciya, manhajar kwamfuta ta tantance. Na'urar ta gano masu raunin zuciya kashi 4 cikin 100, duban da aka saba ya gano kashi 2. Abin da na ɗauka a nan ba burgewar na'ura ba ne. Rabin masu ciwon suna shiga asibiti su fito ba a gane su ba, domin haki da kumburin ƙafa sun yi kama da wahalar ciki ta yau da kullum.

Kafin irin wannan na'ura ta iso matanite ɗinmu, ido da kunnen mutanen gida ne abin dogaro, musamman uwa ko kaka da aka kai wa yarinya wankan gida. Kumburin ciki na yau da kullum yana saɓewa cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa. Wanda ya zo daga baya, ko yake ƙaruwa, tare da haki, da kasa kwanciya miƙe, da farkawa tsakar dare ana neman iska, da bugun zuciya kamar ana kaɗa ganga, wannan na asibiti ne a ranar, ba sai an yi arba'in ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego sau huɗu: ranar haihuwa, kwana na uku, tsakanin kwana 7 da 14, da mako na shida, wanda ya yi daidai da arba'in ɗinmu. A kowane zuwa a nemi a auna mata jini, kada a tsaya ga rigakafin jariri kawai. Magungunan da ake bayarwa, mai sa fitsari don rage ruwa da masu sassauta wa zuciya aiki, tsofaffi ne sanannu, akwai kuma waɗanda mai shayarwa ke iya sha. Kumburi kan sauka cikin kwanaki, a nan ne kuma ake yin kuskure, a ga ta miƙe a ajiye magani, alhali naman zuciya yana buƙatar watanni.

Saura maganar da ta fi nauyi a bakin iyaye, wato ciki na gaba. A matan Zariya da aka bibiya, an ƙidaya ciki 551 bayan ciwon farko, ya dawo a kashi 13 cikin 100. Binciken baya ya nuna hatsarin ya fi tsanani ga wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba kafin ta sake ɗaukar ciki, kuma wasu daga cikin magungunan da ke riƙe da ita ba a shan su da ciki, dole a dakatar. Don haka likita kan ce a jinkirta, a sake yin eko, a ga inda zuciyar ta tsaya. Yarinya ƴar shekara 18 ba ta iya kai wannan saƙo ita kaɗai gaban miji da uwar miji. Ranar da za a sallame ta daga asibiti, mijin da mahaifinta ko mahaifiyarta su shiga wurin likitan tare da ita, su ji da kunnensu.